Sulen Shekarar da Ba a Samu

Wani mai kemis yana da tire na katako mai ramuka, kowane rami da sulen azurfa na shekara guda, a jere tun daga farkon bugawa har lokacin da aka daina. Rami ɗaya ne fanko. A waccan shekarar kaɗan aka buga, kaɗan ɗin ma maƙera sun narkar sun yi zobba tun kafin a haife shi. Sauran shekarun kuwa ko'ina ka juya ga su, har sun gundure shi. Wannan ɗayan ne ya hana shi sakat tun yana da baƙin gashi, ga shi yanzu kai ya yi fari fat. Matarsa ta ce ko yaro ne ya ɓata ba a yi masa irin wannan cigiya.

Ran nan da hantsi yana miƙa wa wata mata maganin tari sai ga wayar ƙanin matarsa, maƙerin azurfa a bayan kasuwa.

"Yaya, wata hajiya ta kawo gwangwanin tsofaffin sulallan mahaifiyarta, awarwaro take so a yi mata. Na riga na hura wuta. In za ka leƙa, ka hanzarta."

Mai kemis ya ja ƙofar shago, ya dawo ɗaukar gilashinsa, ya sake fita, ya tuna gilashin na fuskarsa. A hanya motoci suka cushe kamar da gangan. Ya sauka daga tasi ya kama sauri da ƙafa, yana haki yana tsaki.

Maƙerar ƙunci gare ta, ga zafi, ga hayaƙin gawayi. Hajiya na zaune a benci da jaka a cinya, sai duba agogo take yi. Ya gaishe ta a gurguje, ya juye gwangwanin a faranti, ya shiga juya sulallan da farce. Wannan yana da shi. Wannan ma. Wannan ya goge, ko rubutu babu. Sai ga wani baƙi-baƙi da datti a gefe. Ya goga shi da babban yatsa. Shekarar ce! Ya sake dubawa, ita ce dai, lamba ɗaya ba ta goge ba.

To, masu tara irin waɗannan kaya suna da wata ɗabi'a, kuma wallahi ita ce ciwonsu: ba sa taɓa nuna abin da suke so. Da mai kaya ya ga idonka ya tsaya a kan abu, shi ke nan, ko ya tsauwala ko ya mayar gida ya ɓoye. Dabarar ita ce ka kushe duka, sannan ka taya duka. Mai kemis ya saki sulen cikin 'yan'uwansa, ya kaɗe hannu, ya taɓe baki.

"Tarkace ne. Babu na kirki a ciki."

"Ka sha rana a banza ke nan, Yaya," in ji maƙerin yana dariya.

Amma mai kemis ya ji tsoron kada Hajiya ta gano shi. Ya ce bari ya sha ruwa, ya fita. A bakin layi ya tsaya wajen mai sayar da ruwa yana tsara magana: zai ce ta bar masa tarkacen, ya ba ta sabuwar azurfa mai nauyinsu, ai ta fi kyau a awarwaro. Ƙafarsa na ƙaiƙayin komawa, ya danne. Kada a ce yana ɗoki. Har hirar tsadar ƙanƙara ya ja da mai ruwan, bai ji ko kalma ɗaya daga amsar ba.

Da ya koma, farantin wayam. Maƙerin na durƙushe yana zuga wuta, kaskon narki ya yi jajir.

"Ina sulallan?"

"Ga su nan a wuta. Hajiya na sauri."

"Duka?"

"Ai kai ka ce babu na kirki."

Mai kemis ya fizgi awartaki ya leƙa kaskon, zafi na dukan fuskarsa. Na sama sun lanƙwashe, rubutunsu na zubewa, na ƙasa sun riga sun zama ruwa mai walƙiya.

"Yana ciki!" Muryarsa ta fashe. "Na gan shi, na riƙe shi a hannuna!"

Maƙerin ya saki zugazugin, ya buɗe baki. "Haba Yaya! Ni ma sai ka yi mini wayo? Ko ƙifta mini ido ai ka yi."

Mai kemis ya zauna daɓas a ƙasa. Hajiya ta dube shi, ta dubi kaskon, tausayi ya kama ta.

"Ayya Malam, da ka yi magana. Ni azurfar uwata nake so a hannuna, ina ruwana da lamba? Wallahi da ka ce kana so, kyauta zan ce ka ɗauka."