Murjanin Yaya

Da yayansa zai yi tafiya, ya bar wa tela amanar tankin kifinsa, musamman wani murjani mai rai da ke buɗewa kamar ƙananan furanni. Washegari murjanin ya tsuke. Tela ya matsar da shi kusa da fitila, ya mayar da shi inuwa, ya canza ruwa, duk a banza.

"Maigida, ko ni kake ɗagawa haka, ai sai na yi fushi," in ji matarsa.

Ɗinki ya yi masa yawa, ya manta da murjanin. Ranar dawowar yayan, ya shirya ban haƙuri, sai suka tarar ya buɗe, har da 'ya'ya.

"Auta, me ka yi masa?"

Tela ya sosa ƙeya. "Wallahi, Yaya, ni ma ban sani ba."