Koren Ɗigon Yaya

Tun da Yaya ya tafi neman aiki wayarsa ta daina shiga, Umma ba ta da wata gaisuwa ga Auta sai, "Ya leƙo?"

Auta tana aiki a kamfanin wata manhajar aika saƙo, Yaya kuma yana da asusu a ciki. A kwamfutarta akwai allon da ke nuna duk wanda bai fita daga asusunsa ba, da ranar da ya leƙo ta ƙarshe. Dokar ofis ta hana bibiyar mutum, amma ina ruwan mai neman ɗan'uwa da doka? Kusan kullum takan tarar da koren ɗigo a gefen sunansa, alamar ya leƙo yau. Ba ya amsa saƙo, amma ai gawa ba ta buɗe manhaja. Da wannan ɗigon Umma take iya cin abinci.

Wata safiya Dogo, abokin aikinta da ba ya iya ganin kuskure ya kau da kai, ya juyo da kujerarsa baki har kunne.

"Kin san me na kamo? Duk lokacin da muka ɗora sabon gyara, sabar, babbar kwamfutar da ke riƙe da manhajar, takan mutu ta tashi, ko? To idan ta tashi sai ta kwaso mutanen da ke ciki daga ma'ajiya don kar a kore su, ta buga wa kowa kwanan watan ranar. Oga yana ta hura hanci wai muna da jama'a, ashe rabinsu fatalwa ne!"

Auta ta ce, "Ka gyara?"

"Har na ɗora. Ainihin ranar kowa ta dawo."

Sai ta tuna ɗigon bai taɓa fitowa ranar hutu ba, ranar da babu mai ɗora komai. Ita da bakinta ta ce wa Umma ƙila hutawa yake yi.

Ta nemo sunan Yaya. Ɗigon ya koma ruwan toka. Kwanan watan kuwa na ranar tafiyarsa ne, ranar da ya kira daga tasha, yana cewa mota ta cika. Ta ji ta tsani Dogo, bawan Allah da aikinsa kawai ya yi.

Da yamma ta tarar da Umma a falo, kwano a rufe a gabanta.

"Ya leƙo?"

"Ya leƙo, Umma."

Umma ta yi hamdala, ta buɗe kwanon, ta miƙa mata cokali. Auta ce ta kasa ci.