Fari Tas

Shekara talatin da ɗaya Duba-gari ya yi yana leƙa masai da kwatocin mutane, kuma bai taɓa rubuta "da tsabta" a kan wurin da ba shi da ita ba. Shagon ƙanin matarsa ma sai da ya sa aka garƙame saboda kashin ɓera a bayan firji. Ya yi ritaya, amma hancinsa ya ƙi ajiye aiki. To irin wannan mutumin ne aka kwasa aka kai yawon buɗe ido wata ƙasa a tsakiyar damina.

Wata kalanda ce ta jawo. Matarsa Hajiya tela ce, kuma shekara ashirin tsohuwar kalandar nan na rataye a saman kekenta, da hoton ruwa yana zubowa daga kan wani dogon dutse, fari kamar sabon yadi. Ranar da likita ya ce ganinta na tafiya, abin da ya rage bai wuce 'yan watanni ba, ko hawaye ba ta yi ba. Cewa ta yi a kai ta ta ga ruwan nan. Autarsu ta shirya musu tafiya ta kwana biyar. Duba-gari ya ce a bari rani ya shigo.

"Idon zai jira rani ne, Malam?" in ji ta.

Ya je ya sauko da akwati.

Tun a otal aka fara. Bangon ɗakin ya yi fumfuna baƙi ƙirin daga ƙasa har taga. Matashin kai da danshi, tawul na warin kare da ruwa ya daka, ga kyankyasai a banɗaki manya-manya, ko kunyar fitila ba sa ji. Ya zaro ɗan littafinsa ya shiga rubutu, kamar akwai ofishin da zai kai wa rahoto.

"Ka bar bayin Allah su sarara," in ji Hajiya. "Ba garinka ba ne."

"Ƙazanta ai ba ta da gari, Hajiya."

Kwana uku ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, hanya a rufe. A rana ta huɗu ɗan jagoransu, wani dogo mai yawan murmushi, ya zo ya ce hanya ta buɗe. Ko yau ko a haƙura, don washegari jirginsu zai tashi.

Ita kuwa motar, Allah ya sawwaƙe. An rufe tagogi ruf saboda feshi, mutum goma sha takwas a jiƙe sharkaf, kowa na numfasa warin safar ɗan'uwansa. Wata mata a gabansu ta yi amai a leda, ta ɗaure bakin, ta rataye a jikin kujera. Awa biyu ledar nan na lilo daidai gwiwar Duba-gari. Ya toshe hanci da hankici yana tsaki, har direba ya waiwayo ya ga ko taya ce ke sacewa.

A wani ƙaramin gari motar ta tsaya cak. Ruwa ya shanye titin da ya ratsa kasuwa, daga nan har wata masaƙar kwando da ke can ƙetare. Ɗan jagora ya ce ba komai, iya cinya ne, a taka a haye, wata motar na jira. Sauran fasinjoji suka hau naɗe wanduna suna dariya suna ɗaukar hoto.

Duba-gari bai yi dariya ba, domin shi ya iya karanta ruwa. Ya bi shi da ido har inda ya fito. Ga masai na kasuwa can a baya, ruwa ya kai rabin ƙofa. Kusa da shi mayanka ce. Abin da ke yawo a saman ruwan kuma ba sai an faɗa ba, har da kunzugun jarirai. Ya juyo wajen Hajiya.

"Wallahi ba zan sa ƙafata a nan ba. Ke ma ba za ki sa ba. Mu koma."

Hajiya ba ta yi musu ba. Ta ce, "To, ka jira ni a mota." Ta sunkuya ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, ta kama tafiya. Sai dai ba wajen da mutane ke hayewa ta nufa ba. Gefen hagu ta yi, inda ruwa ke juyawa a bakin buɗaɗɗen lambatu, tana tafe hankalinta kwance.

Da ƙyar ya cafko hannunta. Da rana tsaka ne fa, kuma ramin bai fi taku uku da ita ba. Ashe abin ya wuce yadda take faɗa musu a gida.

Ya durƙusa a gabanta. "Hau."

"Malam, da bayan naka?"

"Ki hau, na ce, kafin in sake shawara."

Haka ya shiga da farin wandonsa, yana goye da matarsa, mutum mai shekara sittin da shida. Ruwan ɗumi gare shi, kuma ɗumin ya fi komai tayar masa da zuciya. Wani abu mai laushi ya naɗe masa a ƙwauri, ya ƙi dubawa. Ya dinga lissafa cututtuka a ransa ɗaya bayan ɗaya har suka kai tudu. Can ya ɓamɓare matsattsaku biyu daga ƙafarsa, ya juya baya ya yi kakari, ita kuma tana tambayar ko sun kusa.

Tun daga nesa suka jiyo rugugin. Da suka isa bakin shingen ƙarfen da ake tsayawa kallo, Duba-gari ya ɗaga kai, ya ji kamar ya zagi wanda ya buga kalandar nan. Ruwan ja ne jawur, taɓo zalla ke zubowa daga kan dutsen. A ƙasa kumfa ce ruwan ɗorawa ta taru, da ledoji da robobi, ga mushen akuya ya kumbura, ƙafafu a sama, yana zagaye wuri ɗaya. Sauran baƙin suka leƙa, suka yatsine fuska, suka koma neman rumfa.

Ɗan jagora ya matso zai ba da haƙuri. "Ranka ya daɗe, ai da damina haka..."

Kallon da Duba-gari ya yi masa ya sa ya haɗiye sauran.

Hajiya ta riƙe ƙarfen da hannu biyu, feshin na sauka a fuskarta. Ta ƙanƙance idanu ta daɗe.

"Ina ganin wani haske-haske yana motsi," ta ce a hankali. "Malam, da yaran nan ne, za su ce min eh don in ji daɗi. Kai kam na san ka, ko ƙanena ba ka rufa wa asiri ba. Fari ne kamar na kalanda?"

Tausayinta ya kama shi. Ya dubi jan ruwan, ya dubi akuyar. Ɗan littafin na nan a aljihun gabansa, ya jiƙe jagab.

"Fari tas," ya ce.

"Ban faɗa maka ba?" Ta yi dariya irin wadda ya manta rabon da ya ji. Sai iska ta juyo daga ƙasa, ta ɗan ja hanci. "To wannan warin fa?"

Duba-gari ya gyara tsayuwa, ya shiga tsakaninta da iskar.

"Ni ne, Hajiya. Wandona ne. Ki ci gaba da kallonki."