Shinshinawa Kyauta Ce

"To wa ya suma? Faɗa mini sunan mutum ɗaya, Yaya!"

"Ni ban ce na san su ba, Hamida. Na ce an yi."

"A ina aka yi?"

"A Kanada."

Ina kan tabarma ina tsinke zogale. Ɗakina suka zaɓa su yi faɗansu tunda ni ce goggonsu, ƙanwar marigayi babansu, kuma duk unguwarmu a nan Garwa an san ba na fita da maganar gida. Sai dai in an tambaye ni.

Ga yadda abin ya faro. Abdulhalim, yayan Hamida, yana aiki a wani biro, wato ofis, na masu auduga, gaban kwamfuta. Wani abokin aikinsa, Jérôme, ya turo masa imel daga Kaélé da Faransanci, shi ma turo masa aka yi. Wai ɓarayi sun fito da sabuwar dabara. Mace za ta tare ki a wurin ajiye motoci na babban kanti, ta ce ki shinshina turare, kina shaƙa sai ki faɗi, ki farka ba jaka ba sarƙa. A ƙasa an rubuta a tura wa duk wanda ake ƙauna.

Abdulhalim kuwa mai ƙaunar jama'a ne. Ya juya saƙon zuwa Hausa, ya kuma karanta shi da murya saboda irinmu da bokonmu ya tsaya a rubuta suna. Amma ya lura matanmu ba su da mota, ba sa zuwa babban kanti, ba za su tsorata yadda ya kamata ba. Sai ya gyara. Ya cire wurin motoci, ya sa babbar kasuwa, layin 'yan turare. Ya kuma ga ya kamata ɓarauniyar ta ce wani abu. Mai sayar da turare ɗaya ya sani a duniya, to kalamanta ya ara: "Zo 'yar uwa, miƙo hannu, shinshinawa kyauta ce."

Duk wadda ta taɓa bi ta layin nan ta san bakin da ke faɗin haka. Da wannan kirari Hamida ta tsayar da rumfarta, da shi take ciyar da 'ya'yanta. Ita humra ba a sayen ta da ido. Sai an ɗiga miki a bayan hannu, ki murza, ki shaƙa, ki ce ta yi ƙarfi, sannan ki saya.

Ya tura a grup ɗin dangi da maƙwabta na Watsap. Kafin la'asar saƙon ya je Maruwa ya dawo da ƙiba. A gidan suna na ji Ummuhani mai ƙosai tana rantsuwa ƙanwar telanta ta suma, har takalmi aka cire mata. Na ce Allah ya kyauta, na tambaya ko an ga kalar mayafin matar. Aka ce shuɗi. Na ce ai shuɗi ya yi yawa a gari, ko Hamidarmu tana da shi.

Tun daga nan mata ke wuce rumfarta da gefen mayafi a hanci, ga salla ta matso, lokacin da ake ciniki.

"Zan rubuta gyara," in ji Abdulhalim. "Zan ce matar da ake magana ba Hamida ba ce."

"Ka haɗa sunana da ɓarauniya a layi ɗaya? A rubuce?"

"To me kike so?"

Ta zaro kwalba daga jaka ta dire a gabansa. "Ka miƙo hannu. Goggo za ta ɗauke mu a bidiyo. Ka shaƙa, ka ce ƙarya ce, mu duba in ya yi kyau, mu tura."

Ya daɗe yana kallon kwalbar. "Daga rumfa kika ɗauko ta?"

"Daga Kanada na ɗauko."

"Ba wanda ya taɓa ta a hanya? A kan moto kika zo fa, bayan ɗan acaba."

"Yaya, kai ka rubuta labarin nan da hannunka."

"Ni juyawa kawai na yi. Asalinsa har da tambarin 'yan sanda a sama."

Hamida ta buɗe grup, ta miƙo mini waya, ta nuna mini wani ɗan da'ira. "Goggo, danna nan ki riƙe. Kada ki saki sai na karɓa."

Na danna na riƙe. Ya miƙa hannu kamar za a yi masa allura. Ta ɗiga, ya murza, ya kai hanci. Ni da ke kusa na ga abin da waya ba ta gani: tumbinsa ya daina motsi. Bawan Allah ya riƙe numfashi.

"Shaƙa mana."

Ya gyaɗa kai.

"To yi magana."

Ba a magana sai da numfashi. Ya tsaya nan hannu a hanci, idanu suna ja, jijiyar goshi ta tashi, ga zafin Garwa, ga tuwon rana da ya cika ciki da shi a ɗakina. Can sai ya yi baya, hula ta faɗi, ya sulale kan buhun masarata.

Na yi salati na kai hannu in tare shi. Ɗan ɗan'uwana ne. Na saki da'irar.

Wayar ta yi ɗan ƙara irin na abin da ya tafi.

Na yayyafa masa ruwan buta. Ya buɗe ido, ya dubi ƙanwarsa, ya ce a hankali, "Kin gani ko?"

Hamida ta fizge wayar za ta goge, amma wayar ta riga ta fara kuka kamar an taka kaza. Ta danna saƙon farko, muryar Ummuhani ta cika ɗakin: "Innalillahi! Jama'a ku gani, har yayanta ba ta bari ba!"

Ta dube shi, ta dube ni. Ta gyara shuɗin mayafinta, ta ɗauki jaka.

Na ce, "Hamida, kwalbar fa? Tunda ba ciniki, ko ki bar mini?"

Ta fice, ta maka ƙofar har ƙusar labule ta faɗo.