Tsakanin Hamza da Ainun

A ofishin kago, wato na aika kaya, da nake aiki a Murshid Bazaar, Ustazu ake kirana, kuma ba don gemu ba. Shekara shida na yi a Islamiyya a Gwale, na zo Dubai na haɗa da Larabcin kasuwa, shi ke nan na zama tafintan duk Bakanon da ya shiga matsala. Ba zan ɓoye ba, abin yana fasa mini kai. In aka miƙo mini takardar Larabci, har gyaran murya nake yi kafin in karanta.

Kawu Sabo ƙanin mahaifiyata ne, shi ya kawo ni garin. Shekararsa goma sha ɗaya yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito a Dubai Investments Park, amma Larabcinsa bai wuce yalla da khalas ba. A watan Oktoban 2018 yana ja da baya ya take ƙafar wani abokin aikinsa ɗan Nepal, ƙashi ya karye. Mutumin ya yafe tun yana asibiti, amma tunda 'yan sanda sun rubuta, sai an je gaban alƙali. Kamfani ya tsaya masa aka sake shi, aka sa zama tsakiyar Janairu. Da aka nemi lambar waya, tawa ya bayar.

"Kai ne mai kunnen Larabci, Muhsin," in ji shi. "Ni ko sun kira, sai dai in yi ta cewa na'am."

Sun kira a ƙarshen Nuwamba. Ina tsaye a bakin ofis, ana ɗaure katan da salatif, wata Hajiya tana yi mini masifa a kan dilarta da ba ta kai Kano ba. Wata mata a waya ta ambaci lambar shari'ar, ta ce, "Tamma ta'ajilul jalsa." Ta'ajil ai ɗagewa ne, wannan ko ɗan aji biyu ya sani. Ta ci gaba da magana, na san ta faɗi wata rana, amma kunnena yana wajen Hajiya. Na ce wa mai wayar mafhum, wato na fahimta, shukran, na kashe. Saƙo ya biyo baya, na bar shi cikin tallace-tallacen kamfanin waya ban buɗe ba.

Da yamma na kira Kawu na ce an ɗage, za su sanar da sabuwar rana. Ya sa mini albarka.

Janairu ya wuce, muna jira. A tsakiyar Fabrairu mahaifiyata, Umma, ta kira daga Kano ta ce jikin Inna ya yi tsanani, ta daina cin abinci, Sabo kawai take kira. Inna ita ta haifi Umma da Kawu, shi ne autanta, shekara uku kuma rabonta da shi. Ranar Litinin ya karɓi hutu, na yankar masa tikitin Alhamis.

Ranar Talata Idris, wanda muke teburi ɗaya da shi, ya ga tikitin a kwamfutata.

"Ustazu, ba wannan ne mai case ba? Habibi, ka duba sunansa tukuna. Garin nan ba a sanar da mutum, sai ya miƙa fasfo a airport su ce ta'al, zo nan shwaiya."

Na ce an ɗage ai. Amma don ya ƙyale ni na buɗe shafin shari'u na zuba lambar. An yi zama uku ga Disamba, wanda ake tuhuma bai zo ba. An sake zama bayan mako biyu, bai zo ba. Layi na ƙarshe umarnin alƙali ne: a kamo shi a kawo, kuma kada ya bar ƙasa.

Na shiga banɗaki na kulle ƙofa, na yi ta gangarawa cikin saƙonni har na samo na Nuwamba. Ga kalmar nan, ta'ajil. Sai dai ba da hamza aka rubuta ta ba, da ainun ce. Da hamza, 'yar'uwar ajali ce: an jinkirta. Da ainun, 'yar'uwar ujila ce: an gaggauta, an matso da zaman kusa. Balarabe daga maƙogwaro yake fito da ainun, mu kuwa tun a allo duk ɗaya muke furta su, kuma malamina na tajwidi ya sha zane ni a kan haka. Ga ranar ma a rubuce da lambobi, uku ga sha biyu, wanda ko Kawu zai iya karantawa da na nuna masa.

Na je Al Qusais, ɗakin da yake zaune da mutum biyar. Na tarar ya baje tsaraba a kan katifa, dabino, zaitun, da wani bargo mai laushi na Inna. Na faɗa masa akwai sammacin kamu a kansa. Ya zauna a kan bargon.

"Ba sun ce an ɗage ba?"

"Haka suka ce, Kawu. Ka san aikinsu, system ne kawai."

Ƙaryar ta fito sumul, ko gargada babu. Har yau in na tuna sauƙin da ta zo mini da shi, kunyar kaina nake ji fiye da ta kuskuren.

Lauyan kamfaninsu ya ce hanya ɗaya ce: ya kai kansa, a gabatar da shi, alƙali ya janye umarnin. Ranar Laraba da safe na raka shi ofishin 'yan sanda. Ya cire agogo da waya ya ba ni, ya ce in gaya wa Umma matsalar tikiti ce, kada a tayar wa tsohuwa hankali. Har ya juya ya dawo ya dafa kafaɗata.

"Ba don kai ka duba ba, da a airport za su tozarta ni. Allah ya yi maka albarka, ɗan nan."

Na ce amin. Aka shige da shi. Alhamis ba a samu gurbi a kotu ba, Juma'a da Asabar hutu ne, sai Lahadi.

Ranar Asabar bayan la'asar Umma ta kira. Tun kafin ta yi magana na ji hayaniyar mata a tsakar gida. Inna ta cika da azahar, har an kai ta. Umma ta ce jiya ma Inna ta sa an share ɗakin zaure, wai Sabo yana hanya. Da jirgin Alhamis ya hau, da ya samu kwana biyu a gefenta. Na yi wannan lissafin ya fi sau ɗari, kullum biyu yake ba ni.

Ranar Lahadi aka shigo da shi kotu, gemunsa ya yi furfurar da ban san yana da ita ba. Na zauna a benci na biyu. Alƙali ya tambayi abin da ya hana shi zuwa, tafintan kotu ya juya masa da Turanci. Kawu ya ce an gaya musu an ɗage. Alƙali ya dubi magatakarda, magatakarda ya buɗe fayil ya karanta: ranar kaza an kira lamba kaza, an sanar cewa an matso da zaman, wanda ya ɗauka ya ce ya fahimta, an kuma aika saƙo. Ya karanto lambar ɗaya bayan ɗaya, tafinta yana maimaitawa. Kawu ya haddace lambata.

Ya waiwayo ya dube ni. Bai daɗe ba, amma ni na ji tsawonsa. Sai ya juya ya ce da alƙali, da Turancinsa na sito, laifinsa ne, shi ne bai kula ba, yana neman afuwa. Da aka ga takardar yafiyar ɗan Nepal, aka ci shi tara, aka janye umarnin.

Sai bayan azahar aka sallame shi. Na same shi a bakin ƙofa, rana tana dukan mu. Na miƙa masa agogo da waya, na fara, "Kawu, wallahi ni ne…"

"Khalas. Ba na son ji." Yana ɗaura agogon, bai dube ni ba. "In na dawo ma yi wannan. Lauya ya ce sunana zai fita daga system zuwa Talata. Ka nemo mini jirgin Laraba, ko ta Addis ne. Kun yi waya da Ummanka? Inna ta ci wani abu?"

Sannan na faɗa masa, da Hausa tsantsa, yadda Umma ta faɗa mini.

Bai yi salati nan take ba. Ya riƙe hannuna da ƙarfi, ya matso da fuskarsa kusa da tawa. Na yi zaton zagi ne zai biyo baya, da ma a ce shi ne. Amma babu fushi a idonsa ko kaɗan, roƙo ne.

"Muhsin, ka tabbata? Ka tabbata ka ji da kyau? Ko dai cewa suka yi jikin ya yi tsanani?"

Na ce masa na ji da kyau.