Akwati na Shida

Shekara shida ke nan Mama tana shan gori a gidan mijinta, tun ranar da babban ɗanta ya fara jin muryoyin da babu mai jin su sai shi, ya daina cin abinci wai an zuba masa guba. Yanzu ya samu sauƙi, yana shan magani, har ya koma shagonsa na gyaran firiji. Bakin Gwaggo ne, yayar maigidan, bai samu sauƙi ba. A wajenta ciwon daga dangin uwa ya zo, hujjarta kuwa ba ta wuce cewa mahaifiyar Mama ta rikice da tsufa ba. Shi kuma maigidan, da an fara, sai ya tuna ana labarai a rediyo.

Ranar da asibitin ƙwaƙwalwa suka turo mai bincike kan abin da ke jawo irin wannan ciwo, Gwaggo ta riga ta isowa. Ta kame kujerar ƙarƙashin fanka, ta ɗora jaka a cinya.

Mai binciken ta shimfiɗa takarda a tebur. Ta ce za ta zana dangi, ɗan akwati ga namiji, zobe ga mace, wanda ya taɓa ciwon kuma a cike nasa da baƙi.

"Kada ki wahalar da bironki, yarinya," in ji Gwaggo. "Fara da ɓangaren waccan, ki shafe shi baƙi ƙirin."

"Yaya, a gaban baƙuwa ma?" Mama ta ce.

"Ƙarya na yi? Mu gidanmu ko ciwon kai ba mu gada ba."

Mai binciken ta ce rikicewar tsufa daban, wannan daban. Gado ma, in akwai shi, yanki ne kawai cikin dalilai da yawa, kuma babu wanda za a ɗora wa laifi. Gwaggo ta ja dogon tsaki.

Aka gama da dangin Mama, babu baƙi ko ɗaya. Aka juyo kan dangin maigidan.

"Mu biyar ne, duk lafiya lau. Rubuta," Gwaggo ta ce.

Sai dai aikin yana da ƙa'ida. Ba a amsa wa mutum tambaya, kuma kowa ake ƙirgawa, rayayye da matacce. Mai binciken ta dubi maigidan.

"Baba, ku ƙirgo min da kanku, daga babba zuwa ƙarami, har da waɗanda suka rasu."

Ya fara lanƙwasa yatsu. Yaya, shi, mai bi masa, ƙanensu tela, sai auta. Hannu ɗaya ya cika. Ya tsaya yana kallon ɗaya hannun.

"Kai!" Gwaggo ta daka masa tsawa. "Biyar na ce!"

"Shida ne," ya ce a hankali. "Akwai wani tsakanina da Yaya."

Ya faɗi sauran labarin, idonsa a ƙasa. Saurayi ne ɗan shekara ashirin da ya fara hira da mutanen da ba a gani. Aka kulle shi a ɗakin baya, ana tura masa kwano ta ƙasan ƙofa, ana gaya wa maƙwabta ya yi tafiya. Shekara huɗu ya yi a ciki, a ciki ya mutu.

Gwaggo ta miƙe tana huci, tana kiran ƙanenta sakarai, mai tonon asirin gida. Mama ko kallonta ba ta yi ba. Ta daɗe tana zaton ranar da gaskiya ta wanke ta za ta yi guɗa, amma ba daɗi ta ji ba, tsana ta ji, kuma ba ta Gwaggo ba. Shekara talatin tana gidan nan, mijinta bai taɓa ambaton wannan ɗan'uwa ba, ko lokacin da ake zagin uwarta a gabansa.

Mai binciken ta zana akwati na shida, ta riƙe biro a kansa.

"Yaya sunansa, Baba?"

Ya sunkuyar da kai. Mama ta matso gabansa.

"Tambayarka ake yi. Yaya sunansa?"

Ya ɗago, ido ya kaɗa ya yi ja.

"Sunansa na sa wa babban yaronmu."

Mama ta dafa tebur ta miƙe.

"Wato kullum ka kira ɗana, kana sane. Sannan ka ƙara wa rediyonka murya, ka bar ni da ita."