Layi na Biyar

A gidan Direba ko man girki ba ya fita daga kwalba sai da izini. Matarsa malamar lissafi ce a firamare, kuma rula da jan biron da take aiki da su a aji ba sa kwana a makaranta. Ranar da albashi ya shigo aka yi sayayyar wata, sai ta baje kayan a kan teburin falo, ta ɗora rula a jikin kwalbar mai, ta ja layi huɗu, kowane mako da nasa. Haka robar sukari, haka bokitin shinkafa. Sabulun wanki kuwa da zare take yanka shi. Shi ya sa ya laƙa mata suna Kwastan, har 'ya'yansu mata uku suka ɗauka, ita kuma ta amsa abinta ba ko kunya.

Shekaru ana haka, asiri a rufe. Sai wani wata Direba ya lura layukan sun zama biyar.

"Kwastan, an ƙara wa wata mako ne ban ji labari ba?"

"Ka je kasuwa ka tambaya, Baban yara," in ji ta, ko ɗago kai ba ta yi daga littattafan da take dubawa ba.

Ya san kasuwar. Abin da ka saya da safe, in ka koma da yamma sai ka tarar ya canza kuɗi. Amma shayinsa ya koma salam, kuma abin ya tsaya masa a rai. Mutum ya wuni yana fama, ya dawo gida a auna masa sukari kamar magani.

Famar kuwa ba ta wasa ba ce. Motar kamfanin rarraba kaya yake ja. A da, shago ashirin da biyu yake zagawa a rana. Da aka sallami direbobi biyu aka ɗora masa nasu, suka zama talatin da takwas, albashi kuma yana nan inda yake. Aka kuma maƙala wata 'yar na'ura a ƙarƙashin sitiyari, mai kai tsegumi ofis. In motar ta tsaya fiye da minti goma, waya za ta yi ƙara, Manaja ne.

"Me kake yi a nan? Gida ka gina?"

"Ranka ya daɗe, mai shagon ne yake ƙirga katan."

"To ka taya shi ƙirgawa mana!"

Ƙeyarsa ta fara yi masa nauyi, kai yana sarawa tun kafin azahar. Da abin ya ishe shi ya leƙa asibiti a ɓoye. Likita ta auna jininsa sau biyu, ta cire tabarau ta dube shi. Ta ce hawan jini ne, kuma ya yi nisa, magani kaɗai ba zai yi ba, sai ya rabu da wannan aikin tun yana tafiya da ƙafarsa. Ta rubuta a takarda. Direba ya yi godiya, ya linke takardar ya cusa a aljihun wando, bai sake bi ta kanta ba.

Ba wai ba shi da inda zai je ba. Tsohon ubangidansa, wanda ya koya masa tuƙi, yana da makarantar koyon mota, kuma ya sha ce masa ya zo. Sai dai albashin bai kai na kamfani ba, sannan wata biyun farko babu ko sisi sai ya tara ɗalibai. Wata biyu! A gidan da ake yanka sabulu da zare? Direba ya haɗiye maganar, ya ci gaba da yin ta maza har tsawon wata takwas.

Ranar wata Alhamis, a mahaɗar titi mai danja, duniya ta ɗauke masa. Bai san daƙiƙa nawa ba ne. Da ya dawo hayyacinsa ana ta danna masa hon, ƙafarsa ta saki birki, hancin motarsa saura taki ɗaya ya taɓa motar 'yan makaranta. Wata yarinya a kujerar baya tana ɗaga masa hannu tana dariya. Ya gangara gefen titi ya kifa kai a sitiyari, gumi yana karyo masa. Minti goma na cika waya ta yi ƙara.

Bai faɗa wa kowa ba. Tsoro ne ya cika shi, shi kuma irin mutanen nan ne da tsoronsu yake fitowa a faɗa.

Ranar Asabar da la'asar ya dawo, yaran sun tafi gidan kakarsu. Ya shiga kicin zai haɗa shayi, ya ɗauko robar sukari, ya ga an kai layin makon daidai, ba ko ƙwaya a sama. Nan ya fashe. Ya zurma cokali ya kwaso, ya sake kwasowa, har sau huɗu, ya zuba a busasshen kofi.

"Ga shi na haye layin! A kira 'yan sanda! Ni nake tashi tun duhu, ni ake zagi kamar ɗan cikin Manaja, ni nake ɗaukar katan har bayana ya ƙage, amma a gidana ban isa in sha shayi mai zaƙi ba? Ke fa ba ki san abin da nake gani a waje ba. Ke dai rula, rula, rula!"

Tana tsaye a bakin ƙofa, alli bai gama fita daga hannunta ba, don daga darasin yamma ta dawo, wanda ta fara yi wa 'ya'yan maƙwabta a 'yan watannin nan. Ta bar shi ya zazzage tas. Sannan ta ce, "Ka gama? To zo ka taya ni jawo wani abu."

Ya bi ta ɗaki yana huci. Ta durƙusa ta ɗage zanen gado.

"Jawo. A hankali, akwai kwalba."

Katan huɗu ne, irin waɗanda yake wuni yana saukewa. Ya buɗe na farko, ƙananan kwalaben mai guda takwas, kowace da sunan wata a jiki da jan biro. Na biyu ƙullin shinkafa da taliya. Na uku sukari da ganyen shayi. Na huɗu gutsattsarin sabulu, an jera su kamar 'yan aji. A jikin murfin na huɗun an manna wata takarda da ruwa ya taɓa ci, an busar, an goge ta da dutsen guga. Rubutun ya dushe, amma ya gane hannun likita.

"A wandonka na tsinta ranar wanki," in ji ta. "Ranar na ja layi na biyar. Huɗu mu ci, ɗaya ya shigo nan. Takwas a raba huɗu, nawa ke nan?"

Ya ce, "Biyu."

"Wata biyu. Na je wurin ubangidanka mai makarantar mota da kaina na tambaya, ya ce sai bayan wata biyu za ka fara samun kuɗi. Kuɗin haya kuma na darasin yamma ya tare shi."

Direba ya zauna daɓas a ƙasa. "Wata takwas kina kallona ina zage-zage a kan sukari? Me ya hana ki faɗa mini?"

"In ce me? In ce ka bar aiki? Na san ka, Baban yara. Cewa za ka yi, to me za mu ci. Ni kuma ba na shiga aji da tambayar da ban shirya amsarta ba." Ta dafa katan ɗin. "Ga amsar. Na so in bari sai ƙarshen wata, amma ranar Alhamis ina jinka a bakin ƙofa, sau uku makulli yana faɗuwa daga hannunka. Ban san me ya faru ba, kuma ba sai ka faɗa ba."

A nan muryarta ta karye, ita da ko a gidan rasuwa ba a cika ganin hawayenta ba.

"Tsadar nan zan iya da ita. Ko layi goma ne zan ja. Amma ban san yadda ake auna gida babu kai ba."

Kunya ta rufe shi, da wani irin girmanta da ya cika masa ƙirji. Shekara goma sha shida yana tsokanar matar nan da rularta, yana ɗauka maƙo ne. Ya yi ƙoƙarin tuna yaushe rabon da ya ga ta saka sukari a nata shayin, ya kasa tunawa.

Waya ta yi ƙara a aljihunsa. Hannunsa ya tafi da kansa, don ya saba. Manaja ne, kuma ya san maganar, a fito gobe Lahadi akwai kaya. Ya dubi wayar, ya dubi matarsa. Ya ajiye wayar a kan katan ya bar ta tana ta kuka.

Ya koma kicin, ya ɗauki kofin nan, ya juye sukarin cikin roba a hankali, ya girgiza ta har ya kwanta daidai kan jan layi. Sannan ya yago takarda daga cikin littattafanta ya zauna a teburin falo.

"Kwastan, ara mini biro."

"Ja kawai gare ni."

"Kawo shi haka."

Ta miƙo masa, ta tsaya a kansa kamar mai tsaron jarrabawa. Wayar ta sake ɗaukar ƙara a ɗaki. Direba ya rubuta kwanan wata a saman takardar, ya fara da sunan Manaja, ya shiga rubuta takardar ajiye aiki.